Amsoshin Wasiƙunku: Saniya Bankin Talaka Ce, In An San Riƙonta

 

A wannan mako mun tsamo wasiƙu huɗu ne daga cikin jakarmu, biyu daga garin Masama, ɗaya daga Kalgo, ɗaya kuma daga cikin garin Gwandu, duk a jihar Kebbi. Abin da ya sa muka haɗa su wuri ɗaya shi ne, dukansu a kan shanu suke magana. To, sai a gyara zama, ga ta farko.

WASIƘA TA FARKO

Wani ɗalibi ɗan manomi daga Masama ya ce wai ya ji labarin wata ƙabila a ƙasar Indiya waɗanda saniya ce kuɗinsu, amma ba su tatsar ta, ba su kuma noma da ita. Yana tambaya, shin gaskiya ne? In gaskiya ne, to da mu da su wa ya fi cin moriyar saniya?

To, samari, abin da ka ji gaskiya ne. Sunan mutanen Apatani, suna zaune ne a wani kwari da ake kira Ziro, cikin jihar Arunachal Pradesh, can arewa maso gabashin Indiya a gindin duwatsun Himalaya. Kada ka haɗa su da Indiyawan da ka saba gani a sinima, mabiya addinin Hindu, waɗanda ba su cin naman saniya. Su Apatani suna yanka, suna ci.

Manoman shinkafa ne ƙwararru kamar mutanenmu na fadama. Suna jawo ruwan ƙoramu daga kan duwatsu su rarraba shi kuyya-kuyya, su dasa shinkafa, su kuma zuba kifi cikin ruwan da ke kwance a gonar, a girbe shinkafa a kama kifi. Duk wannan aiki da fartanya da ƙarfin hannu suke yin sa, babu garmar shanu. Saboda kyawun wannan tsari ne ma aka sa kwarin nasu cikin jerin wuraren da ake neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya, a shekarar 2014.

Dabbar da suke ji da ita ana kiran ta mitun, su kuma a harshensu suna ce mata subu. Dangin saniya ce, mai kauri, mai faɗin goshi da gajerun ƙahoni, galibi baƙa mai fararen ƙafafu kamar ta sa safa, ba ta da tozo irin na shanunmu. Ba a ɗaure ta a turke, ba a kuma kora ta kiwo. A kurmi take rayuwa, mai ita ya tsaga mata kunne da alamar gidansu, lokaci-lokaci ya bi ta da gishiri a hannu. Wannan gishiri shi ne igiyarta, shi ke sa ta san muryar ubangidanta. Ƙidayar dabbobi da Indiya ta yi a 2019 ta nuna akwai mitun wajen 390,000 a ƙasar, kusan 350,000 daga ciki a jihar Arunachal Pradesh suke.

To, amfaninta fa? A al'adarsu da mitun ake auna arzikin mutum. Da ita ake sayen gonar shinkafa a da, da ita ake biyan tara in an yi laifi, da ita ake fansar wanda aka kama a yaƙi a da, tana kuma shiga hidimar aure tsakanin surukai. A bikinsu na Murung da ake yi cikin watan Janairu, mai hali kan yanka mitun da dama bisa addininsu na gargajiya, a rarraba naman ƙauye-ƙauye, sunansa ya ɗaukaka. Da yake kwarin nasu ƙarami ne kuma duk an nome shi, a da sukan ba maƙwabtansu 'yan ƙabilar Nyishi shinkafa su karɓi mitun, wani lokaci su bar musu dabbar amana a can kurminsu, mai riƙon ya sami kaso cikin 'yan maruƙan da aka haifa.

Ka ji fa, samari. Manomi ya ba da hatsi ya karɓi dabba, ya kuma bar ta amana hannun maƙwabcinsa na daji. Ai wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan ƙasar Gwandu. Amma kama da wane ba ta wane. In ana maganar wanda ya fi cin moriya, mu ne. Bahaushe ya ari kalmar Fillanci ya yi wa saniya kirari, ya ce nagge daɗi goma. Ga nono da kindirmo da man shanu, waɗanda su ne jarin matar Bafillace, da su take sayen hatsi da gishiri da sabulu. Ga nama, wanda mahauta da masu tsire da kilishi ke ci da iyalinsu a kai. Ga ƙirgi na majema da dukawa, ga ganda da ake lodi zuwa Kudu, ga ƙaho na wanzamai. Ga taki, ga huɗa, ga jan amalanke. A wajen al'ada kuma, Bafillace kan ba jariri karsana tun ranar suna don ta zama tushen garkensa, saniya na shiga sadaki, tana shiga gado, mahauta kuma na da wasansu na hawan ƙaho.

Darajar saniya a wannan ƙasa ta kai har ta shiga siyasa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Gwandu daga 1805 kafin ya koma Sifawa, ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan zamaninsa a littafinsa Kitabul Farƙi. Turawa da suka zo suka ci gaba da karɓar sa bisa kan kowace saniya, ta hannun sarakuna da arɗo-arɗo. Dattawanku za su ba ka labarin yadda ake ɓoye shanu a daji in malaman jangali sun doso. Gwamnati ba ta ɗora haraji kan abin da ba shi da daraja. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama da ta ƙasa a 1990 ta sami shanu wajen miliyan 13.9 a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa, kuma a watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin harkar kiwo. Saboda haka in ka ga mahaifinka na shafa tozon bijiminsa da safe, kada ka raina. Asusunsa yake dubawa.

WASIƘA TA BIYU

Wannan kuma daga wani magidanci ne, shi ma a Masama. Ya ce yana da shanun huɗa biyu, bokoloji, shekara uku yana noma da su. Ɗansa babba ya matsa masa lamba a sayar a sayi babur ya riƙa kabu-kabu, in damina ta zo sai a yi hayar tarakta. Ya ce shi kansa ya gaji da tsadar dusa, ga fargabar ɓarayi. Yana neman shawara. Ya kuma tambaya ko akwai zakka a kan shanun huɗa.

To, Malam, Allah ya ba da sa'a. Dukiya taka ce, kai za ka yanke hukunci. Amma tun da ka nemi shawara, ga tamu a fili: kada ka sayar da su don sayen babur. In za ka sayar, ka sayar don ka maye gurbinsu da ƙanana. Bari mu yi lissafin tare.

Na farko, babur tun ranar da aka fito da shi daga shago darajarsa ke raguwa. Yana shan mai, yana cin taya, yana zuwa wurin bakanike. Ka tuna da abin da ya faru bayan 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Shi kuwa bijimi, in ka saye shi yana ɗan shekara biyu da rabi ko uku, yana yi maka aiki yana ƙara nauyi. Bayan damina uku ko huɗu ka sayar da shi da tsadar da ta fi ta sayensa nesa ba kusa ba.

Na biyu, ajiye kuɗin a hannu ma ba mafita ba ce. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kaya ta ƙaru da kashi 34 da ɗoriya cikin ɗari a shekara guda. Ma'ana, wanda ya ɗaure kuɗinsa a tsumma ya tura ƙarƙashin katifa, ya yi asarar wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kuɗin ke iya saye, ba tare da ɓarawo ya shiga ɗakinsa ba. Wanda ya riƙe dabba kuwa, farashinta ya bi na kasuwa ya hau.

Na uku, maganar tarakta. Tarakta na da sauri, ba musu. Amma nawa ne a gundumarku? Ranar da aka yi ruwan shuka kowa ke neman ta, kuma mai babbar gona da kuɗi a hannu ake fara yi wa. Kai mai eka uku ko huɗu sai ka yi mako biyu kana bin direba. A ƙasa irin tamu da damina ba ta wuce wata huɗu, makara ta mako biyu na iya zama bambancin cikakken rumbu da rabinsa. Shanu biyu lafiyayyu kan huɗe kimanin eka guda daga sanyin safiya zuwa hantsi. In ka gama taka ka yi wa maƙwabta a biya ka, da kaka ka ɗaura musu amalanke su kwaso dammunan gero da buhunan albasa, da rani su kai taki gona. Tun wajen 1928 ma'aikatar gona ta Turawa ta fara koya wa manoman Arewa noma da garmar shanu. An kawo taraktoci iri-iri tun daga lokacin, da yawa sun zama kwarangwal a harabar ma'aikatu, garmar shanu kuwa tana nan.

Na huɗu, taki. Kowa ya san inda farashin buhun takin zamani ya kai. Kashin shanun da ke turke a bayan gidanka, in ana zuba masa shara da ragowar kara da toka ana tarawa, shi ke raya jigawar da ta gaji, yana kuma sa ƙasa ta riƙe laima, abin da takin zamani ba ya yi.

To, yaya za a yi da yaron? Shi ma yana da gaskiyarsa, saurayi na son abin da zai riƙa shigo masa da kuɗi kullum. Ga dabara. Shanunka sun yi damina uku, wato sun kusa kai ƙarshen girmansu. Bayan an gama aikin kaka, ka ɗaure su a inuwa wata uku zuwa huɗu. A fara ba su maganin tsutsar ciki da na hanta, sa'an nan harawar wake da ta gyaɗa, dusa, ɗan ƙulin auduga in da hali, kanwa, da ruwa mai tsabta su sha iya shansu. Ka auna fitar da su gab da Salla ko lokacin da fataken Kudu suka fi shigowa. Cikin kuɗin ka fara cire na ƙananan bijimai biyu. Abin da ya ragu shi ne riba, a nan za a duba maganar babur, ko da na hannu ne. Sai dai ka sayi ƙananan da wuri, a huda musu hanci, a hore su da jan gungume tun cikin bazara, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma damƙa wa yaron kuɗin hayar huɗa da na amalanke ya zama nasa kaso, ka ga ko zai sake cewa a sayar.

Kan tsadar dusa, maganinta tanadi tun kaka. A ɗaure harawa tana da ɗanyen ganye a ɗora bisa rumfa ko reshen itace, a tara karan dawa, kada a cinna wa bambaron shinkafa wuta. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya bunƙasa a fadamun jihar, bambaro da dusar shinkafa sun yawaita. Ba su kai harawa ƙarfi ba, amma in an gauraya suna riƙe dabba.

Zakka kuwa, a mazhabar Malikiyya da muke bi, shanun aiki da na turke duk ana lissafa su tare da na kiwo. Sai dai nisabi shanu 30 ne. Mai 30 zai fitar da maraƙi ɗan shekara 2, mai 40 zai fitar da saniya wadda ta shiga shekara ta 4. Kai mai biyu babu zakkar dabbobi a kanka. Wanda ke saye yana sayarwa don riba kuwa, hukuncinsa na kayan fatauci ne, sai ya je wurin malamin garinsu a yi masa lissafi.

WASIƘA TA UKU

Wata baiwar Allah daga Kalgo, wadda ta ce ɗanta ne ya rubuta mata, ta ce ta gaji saniya ɗaya daga mahaifinta, ta ba wani makiyayi amana. Yau shekara huɗu, sau ɗaya ta gan ta. Duk lokacin da ta aika, sai a ce sun tafi mashekari, ko a ce maraƙin ya mutu. Tana tambaya, cutar ta ake yi ko kuwa haka kiwon yake?

Sannu Inna, Allah ya ji ƙan mahaifinki. Daga nan inda muke ba mu iya yanke wa mutumin hukunci, don ba mu ji ta bakinsa ba. Amma ga ma'auni. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki. Shanunmu na gida da ke yawon kiwo sukan yi haihuwar fari suna wajen shekara huɗu, daga nan kuma sukan haihu duk bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Ke nan saniya baliga mai lafiya, cikin shekara huɗu ana sa ran ta haihu sau biyu, in an yi sa'a sau uku. Gaskiya ne maruƙa na mutuwa, musamman a ƙarshen rani da farkon damina. Gaskiya ne kuma makiyaya na yin nisa yanzu fiye da da, wasu har Borgu da ƙasar Benin, saboda makiyaya ta ƙuntata. Amma a al'adar kiwo, in dabbar amana ta mutu, mai riƙo kan kawo shaida, ko fata ko kunne mai alama ko wutsiya, ko ya kira wani ya gani.

Amanar saniya tsohuwar al'ada ce mai daraja wurin Fulani. Suna da abin da suke kira haɓɓanaye, inda mutum kan ba ɗan'uwansa da ya rasa dukiya aron karsana, ta haihu a hannunsa har sau uku, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Wanda ya ci amanar irin wannan saniya ya zubar da mutuncinsa a ruga. Saboda haka kada ki fara da 'yan sanda. Ki tura ɗanki da wani dattijo wurin arɗon da mutumin ke ƙarƙashinsa, a gaban mai unguwa ko hakimi, a nemi a kawo saniyar da abin da ta haifa ki gani da idonki in sun dawo da kaka. Mafi yawan irin wannan magana a nan take mutuwa. In ta faskara, kotu na nan.

Ga sauran masu sauraro, mata da maza, masu niyyar ba da kiwo, ku riƙe abu huɗu. A yi wa dabba alamar gidanku a kunne. A ɗauki hotonta da waya, gefe da gefe da goshi, tare da mai riƙon. A rubuta sharaɗi a takarda gaban shaidu biyu: nono na wa, wa ke sayen magani da kanwa, mene ne ladan makiyayi, yaushe za a riƙa kawo ta a gani. A kuma yanka lada sananne, don malamai na da magana kan ijarar da ba a san adadin ladanta ba. Wani zai ce rubutu rashin yarda ne. A'a. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu na kare mai dukiya, yana kuma kare makiyayi mai gaskiya daga zargi. Kuma ku masu ba da amana, ku riƙa tunawa da mai riƙo da ɗan dami ko buhun dusa. Wanda ya kwana cikin sauro da ruwan sama saboda saniyarki, ya cancanci fiye da sannu.

WASIƘA TA HUƊU

Ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa ce a Gwandu, mai sayar da hatsi, wanda ke son ya shiga fataucin shanu zuwa Kudu. Yana tambaya me ya kamata ya kiyaye.

To, Alhaji, sana'a ce mai albarka, tsohuwa kuma. Kakanninmu a ƙasa suke kora shanu har Ilori da Badun, daga baya jirgin ƙasa ya iso Kauran Namoda a 1929, yau kuwa tirela ce ke ɗauka daga Jega ta bi Koko, Yawuri, Kwantagora, Makwa, ta haye Jabba, sai Badun da Ikko. Amma sana'ar da ake shiga da jagora ce. Ka bi wani tsohon hannu tafiya biyu ko uku da 'yan shanu kaɗan cikin lodinsa kafin ka cika mota da kanka.

Wajen saye, buɗe baki ka duba haƙora. Manyan haƙora biyu, dabba na wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi. Huɗu, wajen uku. Shida, wajen huɗu. Takwas, ta cika baki, ta kai biyar ko ta doshi haka. Dubi hanci ya kasance da laima, gashi a kwance yana sheƙi, tana tuƙa. Guji mai tari da nishi tana miƙe wuya, alamar ciwon huhu ke nan, yana kuma kama garke duka. Guji mai dalalar miyau da ɗingishi, wannan ɓoru ne. Mai kirci fatarta ta lalace. Wadda ke ramewa ciki na kumbura alhali tana ci, sau da yawa leda ce ta cika mata tumbi.

A kan cuta, bari mu ja kunnen kowa. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya ta mutu, jini baƙi na fita ta hanci ko ta baya ba ya daskarewa, kada a feɗe ta, kada a ci, kada a sayar da fatar. Ciwon saifa ne ake zargi, yana kashe mutum. An tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja a watan Yuli na 2023. A kira malamin dabbobi, a binne ta da zurfi. Masu gudun allurar rigakafi kuma su tuna da bushiya. Wajen 1891 ta share shanun ƙasar nan har Fulani suka sa wa annobar suna Sannu, saboda yawan gaisuwar jaje. Ta sake dawowa a 1983 ta yi ɓarna mai yawa. Allura ce ta kashe ta, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya baki ɗaya a 2011. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, tana yin allurar huhu da ta saifa da ta harbin daji. In ma'aikata sun zo, a fito da shanu. Nono kuma a tafasa shi kafin a ba yara.

Sai babbar magana, wato kayan sata. Kada ka sayi dabba a bayan gari, ko da dare, ko daga hannun wanda babu dillalin da ya san shi, kome arharta. Ka saya a cikin kara, gaban dillali sananne, ka biya la'ada, ka karɓi rasit. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, kuma kuɗin da ka miƙa harsashi zai zama. Ba mu manta da garin Mera na ƙaramar hukumar Augie ba, inda a watan Nuwamba na 2024 mutanen gari suka bi sawun shanunsu da 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka kora, aka kashe mutum 15 kamar yadda rahotanni suka nuna. A watan Satumba na 2021 kuma jihohin Zamfara da Katsina da Sakkwato sun taɓa dakatar da kasuwannin dabbobi da safararsu saboda wannan bala'i, mai gaskiya da marar gaskiya duk suka sha wuya. Ɓarawo ba ya cin shanu ɗari shi kaɗai. Da babu mai saye, da ya daina.

A can Kudu kuma, yawancin ciniki bashi ne. Maigidan da ka sauka wurinsa shi ke tsaya wa mahauta, saboda haka amincinsa shi ne jarinka. Ka lissafa kuɗin mota, na 'yan lodi, na takardun hanya, na abincin kwanakin jira, da ramar da dabba ke yi a tafiya, kafin ka ce ka ci riba. Kada kuma ka kwashe jarin hatsinka duka ka zuba a mota ɗaya.

Kafin mu rufe, ga kalma ɗaya ga manomi da makiyayi. Dattawanmu sun ga zamanin da manomi ke zuwa ruga da goro bayan girbi yana roƙon a sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, ya ba da dami, matan gida su yi musayar hatsi da nono. Yau kara ya zama kuɗi, fadama ba ta hutawa rani da damina, an nome burtali, an toshe mashaya a wurare da yawa, wasu makiyayan kuma na sakin shanu hannun ƙananan yara su afka wa amfanin da ba a kwashe ba. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965 take, amma doka a takarda ba ta hana faɗa. Abin da ke hanawa shi ne hakimi da arɗo da shugabannin manoma su zauna tun kafin kaka, a sa ranar da za a saki gonaki, a bi burtali a kafa masa alama, wanda ya yi ɓarna ya biya, wanda ya nome hanya ya janye. Yawancinku da kuka rubuto mana yau manoma ne masu shanu, makiyayan da ke kewaye da ku kuma da yawansu na noma. Duk wanda ya hura wannan wuta, rumbunsa da garkensa na cikin abin da za ta ci.

To jama'a, iyakar abin da lokaci ya ba mu ke nan a wannan mako. Waɗanda ba su ji tasu wasiƙar ba su yi haƙuri, tana kan layi. A ci gaba da rubuto mana, a taƙaice, tambaya ɗaya a takarda ɗaya, a kuma rubuta sunan gari da kyau. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyoyinmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.